Mantuwar da ba sakaci ba ce: magani, ƙwayoyin sinadarai da tsarin rayuwa a kan sikeli

A kowane aji akwai yaron da malami ke haddace sunansa tun makon farko, domin ba ya zama, ba ya shiru, kullum shi ake kira gaban allo. Akwai kuma yarinyar da ke can kusa da taga, ba ta taɓa tsokanar kowa ba, idonta a kan allo amma hankalinta ya daɗe da tafiya. Shi mai ƙiriniya ana kai ƙararsa gida, a yi ta fama da shi. Ita kuwa da yake ba ta damun kowa, ba wanda ya damu da ita. Bayan shekara ashirin za a same ta a ofis ko a ɗakin aure, ta karanta takarda ɗaya sau huɗu ba ta riƙe abin da ke ciki ba, ta bar tukunya a kan wuta don ta ɗauko ludayi, ta ɓige da ninke kayan wanki har sai ƙauri ya tuna mata, ta sha'afa da kuɗin makaranta har a koro yara alhali kuɗin suna cikin jakarta. Sunayen da ta sha kuwa ba su ƙirguwa: sakarya, malalaciya, shashasha. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane, mazansu da matansu, suna ɗauke ne da larurar da likitoci ke kira ADHD, nau'in da kasa tattara hankali ya rinjaya a cikinsa, ba rawar kai ba.

Wanda ya gane haka da girmansa, mafita yake nema, kuma amsoshi iri uku ne ke jiransa: maganin likita, ƙwayoyin ƙarin sinadarai da ake sayarwa a kemis da intanet, da gyaran tsarin rayuwa. Mutane sukan jera su ne bisa yadda suka kwanta musu a rai. Kwalbar man kifi ba ta da ban tsoro, ita ake fara saya. Maganin likita an ji ana cewa ɗan'uwan ƙwayar maye ne, sai a guje shi. Batun barci da littafin rubuta ayyuka kuwa ana ganin nasiha ce irin ta iyaye, ba magani ba. Amma in aka ɗora ukun a kan sikelin bincike, jerin juyewa yake yi. Magani ne ya fi nauyin hujja, ko da yake a gajeren zango hujjar tasa ta fi ƙarfi. Tsarin rayuwa shi ke mai da natsuwar da magani ya samar ta zama aikin da aka kammala. Ƙwayoyin sinadarai su ne a ƙarshen layi, kuma amfaninsu bai cika wuce wanda jikinsa ya rasa sinadarin ba. Gaban duka ukun akwai matakin da ake yawan tsallakewa, wato a tabbatar larurar ce ma tukuna.

Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda aka sani da DSM-5, ya kawo alamomi tara na wannan nau'i. Akwai yawan kuskure a ƙananan abubuwa, da kasa daɗewa a kan aiki ɗaya, da zama ana yi wa mutum magana ido da ido amma ba ya ji, da fara abu a bar shi a hanya, da kasa tsara ayyuka, da guje wa duk abin da ke bukatar dogon nazari, da yawan ɓatar da makulli ko waya ko takardu, da saurin shagala, da mantuwa a harkokin yau da kullum. Wanda ya kai shekara 17 sai an samu aƙalla biyar daga cikinsu, sun daɗe wata shida ko fiye, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma suna yi wa rayuwarsa illa ta zahiri. Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne a ce alamomin sun soma kafin shekara 12. Shi ya sa ƙwararren likita ba ya gamsuwa da bakin mai larurar kaɗai. Yakan so jin ta bakin mahaifiya ko yaya, ya nemi tsofaffin takardun sakamakon makaranta in suna nan. Akwai wata gajeriyar takardar tambayoyi shida da aka tsara da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana yawo a intanet, amma aikinta ta nuna wa ya kamata ya ga likita, ba ta yanke hukunci ba.

Mai karatu zai ce, ai kowa yana mantuwa, wa bai taɓa rikicewa ko raka'a uku ya yi ko huɗu ba? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce akwai katanga tsakanin masu larurar da sauran jama'a. Abin hawa-hawa ne, kamar awon jini da kowa yake da shi amma akwai matakin da in an kai ake kiransa hawan jini, domin daga nan ɓarna ke farawa. Ɓarnar kuwa an auna ta. Wani bincike da aka yi a Denmak kan mutane kusan miliyan biyu, aka buga a mujallar Lancet a 2015, ya gano cewa haɗarin mutuwa da wuri ya ninka sau biyu ga masu larurar, kuma haɗurra ne suka fi jawo hakan. Waɗanda ba a gano larurar tasu ba sai da suka girma, nasu haɗarin ya ma fi. Wasu kuma za su ce ciwon Turawa ne, ko kamfanonin magani ne suka ƙirƙiro shi, ko wayar hannu ce ta haifar da shi. To amma tun 1775 wani likita Bajamushe, Melchior Adam Weikard, ya siffanta irin waɗannan mutane a littafinsa, a 1798 kuma likita ɗan Sikotilan Alexander Crichton ya rubuta babi guda kan masu kasa tsayar da hankali tun suna ƙanana. Ba waya a lokacin, ba kamfanin da ke da abin sayarwa. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke ɗauke da kusan kashi 74 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali, sauran kuma ya haɗa da abubuwa irin su haihuwar bakwaini da gubar dalma, wadda mutanen Zamfara suka san bala'inta tun 2010. A duniya ana ƙiyasta kusan yara biyar cikin ɗari da manya biyu zuwa uku cikin ɗari ne ke da ita, kuma alƙaluman da aka tattara daga ƙasashen Afirka ba su nuna yaranmu sun tsira ba.

Duk da haka masu shakka ba su rasa abin kamawa ba. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 manya miliyan 15.5 ne aka ce suna da larurar, wato shida cikin ɗari, kuma fiye da rabinsu da girmansu aka gaya musu. A zamanin korona wasu kamfanoni sun riƙa rubuta wa mutane magani bayan 'yar gajeriyar hira ta bidiyo, kuma a Oktoban 2022 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta sanar da ƙarancin Adderall, ɗaya daga cikin magungunan larurar. Wasu masu bincike a Kanada sun duba bidiyo 100 da suka fi farin jini a TikTok kan ADHD, suka ce 52 daga ciki na ɗauke da bayanin da ke ɓatar da mai kallo. Sai dai wannan ba ya nuna larurar ƙarya ce. Abin da yake nunawa shi ne ana iya laƙaba ta ga wanda ba shi da ita a wani wuri, a daidai lokacin da ake kasa ganinta a jikin mai ita a wani wurin. Abubuwan da ke kama da ita suna da yawa: rashin isasshen barci, da minsharin da ke datse numfashi da dare, da ciwon damuwa, da fargaba, da matsalar sinadarin maƙogwaro, da shan wiwi, da ƙarancin jini. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Matar da hankalinta ya soma warwatsewa bayan haihuwa ta uku, alhali da can tsaf take, awon jini take bukata da barci, ba maganin ADHD ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba dalili ɗaya ne ke tsamar da shi ba.

In an tabbatar, sai maganar magani. Asalinsa ma dace aka yi. A 1937 wani likita mai suna Charles Bradley, a wani gidan jinyar yara da ke jihar Rhode Island a Amurka, ya ba yara 30 maganin Benzedrine, wani nau'in amfetamin, da fatan zai rage musu ciwon kan da wani gwajin ƙwaƙwalwa ke jawowa. Ciwon kai bai ragu ba, amma kusan rabin yaran sai suka zauna suna aikin makaranta da ƙwazon da malamansu ba su taɓa gani ba. A 1944 kuma wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa methylphenidate, wanda aka raɗa wa suna Ritalin daga sunan matarsa Rita. Waɗannan gidaje biyu su ne har yau ginshiƙin maganin. Aikinsu shi ne ƙara yawan sinadaran dofamin da noradrenalin a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, musamman a sashen gaba mai kula da tsara aiki da danne shagala. Wannan ne ya warware abin da ke ɗaure wa mutane kai, wato yadda maganin da ke zaburarwa zai kawo natsuwa: sashen da ke riƙe da linzami ne yake zaburarwa. Nau'in Ritalin mai saurin aiki yakan soma cikin kusan rabin awa ya sake mutum bayan awa uku zuwa huɗu. Masu sakin kansu a hankali, irin su Concerta, sukan kai awa 12. Akwai kuma atomoxetine, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002. Shi ba mai zaburarwa ba ne, ba ya sa maye, amma sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinsa.

Hujjar amfaninsu ba ta mutum ɗaya ba ce. A 2018 Samuele Cortese da abokan aikinsa sun haɗa gwaje-gwaje 133 waɗanda aka raba mutane gida biyu a cikinsu, wasu su sha maganin gaske, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun san wanne suka sha ba. Sakamakon ya nuna magungunan na rage alamomin sosai a cikin makonni 12, kuma ga manya dangin amfetamin ne suka ɗan fi. A shekarar ce hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a fara wa manya da lisdexamfetamine, ɗan gidan amfetamin, ko methylphenidate, in ɗaya bai yi ba bayan makonni shida a gwada ɗayan, in duka suka gaza a koma atomoxetine. Kusan mutum bakwai cikin goma sukan ga canji da maganin farko da aka gwada musu. Akwai kuma abin da ya fi maki a takardar tambayoyi. Wani bincike kan mutum sama da miliyan biyu a Amurka, wanda aka buga a 2017, ya kwatanta kowane mutum da kansa, watannin da yake shan magani da waɗanda ba ya sha, aka ga haɗarin mota ya ragu da kashi 38 ga maza da 42 ga mata a watannin sha. Wanda ya san abin da sakan biyu na shagala ke jawowa a hanyar Kano zuwa Zariya ba zai raina wannan ba.

Babban abin da ke tsorata jama'a shi ne jaraba, kuma a ƙasar da ta ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanta, ba wanda zai ce tsoron na banza ne. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a shekara guda. Magungunan ADHD masu zaburarwa suna cikin jerin da yarjejeniyar duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, domin in aka daka su aka shaƙa, ko aka sha fiye da ƙima, suna bugarwa. Amma tambayar ita ce, wanda likita ya rubuta wa daidai ƙima, yana haɗiya da safe, shin hakan na tura shi shaye-shaye? Manyan binciken da aka yi a Suwidin da Amurka sun nuna akasin haka. Larurar kanta ce ke ƙara haɗarin faɗawa shaye-shaye, kuma masu shan magani sun fi waɗanda ba sa sha tsira. Ɗalibin da ba shi da larurar, ya sayi ƙwayar don ya kwana karatu, shi ne ya ɗauki haɗarin bai samu ribar ba. A wani gwaji da aka yi a Melbon ta Ostireliya, aka buga a 2023, an ba lafiyayyun mutane 40 irin waɗannan magunguna aka sa su warware wani lissafi mai sarƙaƙiya. Sun ƙara himma, sun ƙara ɓata lokaci, amma amsoshin nasu ba su fi na ranar da suka sha ƙwayar banza ba.

Illolin gaske ba su ne waɗanda ake tsegumi a kai ba. Maganin yana rage cin abinci, yana busar da baki, yana hana barci in an sha shi da yamma, yana ɗan ɗaga bugun zuciya da awon jini. Wani bincike daga Suwidin ya danganta shan shi na shekaru da ƙarin haɗarin hawan jini. A cikin matasa kuma an ga kusan mutum ɗaya cikin 660 yakan samu rikicewar tunani bayan ya fara sha. Saboda haka likitan kirki zai auna jini da bugun zuciya da nauyi kafin ya fara, ya tambayi ko akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a a dangi, ya fara da ƙanƙanin awo yana ƙarawa mako-mako, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara su zauna su duba ko har yanzu ana bukatarsa. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai shirin azumin watan Ramadan, kowannensu shawararsa daban, kuma da likita ake yanke ta. Iyakar maganin kuma ba ɓoyayya ba ce. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 113 kan manya, wanda mujallar Lancet ta fannin ƙwaƙwalwa ta buga a farkon 2025, ya tabbatar magunguna masu zaburarwa da atomoxetine ne kaɗai likitoci da masu larurar suka haɗu a kan cewa suna rage alamomi, amma bai samu hujjar cewa suna kyautata jin daɗin rayuwa gaba ɗaya ba, kuma gwaje-gwajen da suka kai shekara ba su da yawa. Wannan ƙarancin hujja ta dogon zango na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi saka methylphenidate a jerin muhimman magungunanta a 2019, ta sake ƙi a 2021. Likitoci da dama sun soki matakin, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin ba zai yiwu a bar dubban mutane shekara biyar a kan ƙwayar banza don kawai a cika sharaɗin gwaji ba.

Ƙwayoyin sinadarai fa? A nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Man kifi mai omega-3 shi ne aka fi bincika. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje goma kan yara 699 a 2011 ya ga amfani, amma ɗan kaɗan, bai kama ƙafar na magani ba, kuma bitar da cibiyar Cochrane ta yi daga baya ba ta samu gamsasshiyar hujja ba. Sinadarin zink ya nuna alamar amfani a gwaje-gwajen Turkiyya da Iran, amma da aka maimaita a Amurka, inda ƙarancinsa bai yawaita ba, bai rage alamomin ba. Sinadarin ƙarfe ma haka. Wani likita a Faransa ya ga yawancin yaran da ya duba ajiyar ƙarfensu ta yi ƙasa, ya gwada ƙara musu, amma yara 23 kacal ne a gwajin. A kan manya, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gwajin Julia Rucklidge a New Zealand a 2014, inda mutum 80 suka sha haɗin bitamin da ma'adinai na makonni takwas aka ga ɗan sauƙi, sai dai gwaji ɗaya ƙarami bai isa a gina hukunci a kansa ba. Abin da ke fitowa daga duk wannan a fili yake: miyar da gishirinta ya ji, ƙarin gishiri ba ya ƙara mata daɗi, wadda ta yi lami kuwa ɗan kaɗan ke tashinta. Wanda awo ya nuna ya rasa ƙarfe ko zink, a cike masa. Wanda bai rasa ba, kifi da ƙwai da wake da zogale da hanta sun fi masa kwalba arha.

Za a ce to ai ko ba su yi amfani ba, ba sa cutarwa. Ba haka ba ne. Ƙarfe in ya yi yawa guba ne, kuma ƙwayoyinsa sun sha kashe ƙananan yaran da suka same su a ajiye. Zink in ya wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, har ya taɓa jijiyoyi. Ganyen nan da ake kira St John's wort, wanda gwajin da aka yi a 2008 ya nuna ba ya yi wa ADHD komai, yana raunana maganin tazarar haihuwa da na ƙanjamau. Sannan yawancin kwalaben da ke shigowa daga Amurka suna fitowa ne ƙarƙashin wata doka ta 1994 wadda ba ta tilasta wa kamfani ya nuna kayansa na aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ma rajista ce, ba shaida ba ce cewa abin da ke ciki zai tattara wa mutum hankali. Cutarwar da ta fi duka kuwa ita ce shekarun da ake ɓatarwa ana canja kwalba, aiki na lalacewa, aure na tangal-tangal. Ga kuma goro da shayi da kofi da lemukan ƙarin kuzari, waɗanda da yawan masu larurar suka daɗe suna yi wa kansu magani da su ba su sani ba. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana wartsakarwa, amma sai ya yi kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Goron la'asar yana nan a jini har bayan isha'i, ya cinye barcin, gobe a tashi hankali ya fi na jiya warwatsewa, a ƙara ɓara wani.

Barcin nan shi ne farkon abin gyara a tsarin rayuwa. Likitoci a Holan sun nuna cewa mafi yawan manya masu larurar agogon jikinsu a makare yake, barci ba ya zuwar musu sai dare ya raba, kuma rashin barci kaɗai ya isa ya ninka kowace alama. Tsayayyen lokacin tashi, da fita hasken safe, da ajiye waya a wani ɗaki daban da dare, su ne matakan farko. Motsa jiki yana kaifafa hankali na 'yan sa'o'i bayan an yi shi, kuma minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowane baligi shawara ya wadatar, ko da tafiya ce da sauri. Amma zuciyar al'amarin ita ce mutum ya daina amince wa ƙwaƙwalwarsa da ajiya. Mai wannan larura ba sanin abin da ya kamata ya rasa ba, tunawa da shi a daidai lokacinsa ne ke kuɓuce masa. Don haka komai sai a fito da shi waje inda ido zai gani. Littafi guda ɗaya tak, ba takardu goma ba, kuma duk saƙon da aka ba shi ya rubuta nan take a gaban mai saƙon. Makulli yana da ƙusarsa a bayan ƙofa. In an ɗora tukunya a saita ƙararrawar waya kafin a bar madafi. Kuɗin haya da na makaranta a sa banki ya riƙa cirewa da kansa, ko a damƙa wa wanda ba ya mantuwa. Babban aiki a daddatsa shi har ya zama abin da za a iya farawa cikin minti biyu, a rubuta "buɗe fayil, rubuta kanun rahoto" maimakon "gama rahoto". Musulmi ma yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba, domin salloli biyar sun riga sun yanka masa yini gida-gida, sai ya rataya ayyukansa a jikinsu: magani da duba littafi bayan asuba, kiran waya bayan azahar, shirya kayan gobe bayan isha'i. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda karin maganar ta fi shafa kamar shi.

Wannan ba nasihar fatar baki ba ce, an gwada ta. A 2010 Steven Safren na babban asibitin Massachusetts da ke Boston ya ɗauki manya 86 waɗanda ke shan magani amma alamomin ba su gama sakinsu ba. Rabi aka koya musu irin waɗannan dabaru a zama 12, rabi aka koya musu sassauta jiki kawai. Waɗanda suka koyi dabarun sun fi samun sauƙi, kuma sauƙin ya ɗore har shekara. A shekarar ce Mary Solanto a New York ta samu kwatankwacin wannan sakamako da horon rukuni kan sarrafa lokaci. Ga inda zaren ya haɗu: magani yana sa mutum ya iya zama a kan abu, amma ba ya zaɓa masa abin da zai zauna a kai. Wanda ya sha Concerta ya buɗe Facebook zai iya shafe awa uku yana karanta shi cikin cikakkiyar natsuwa. Dabara kuma ba tare da magani ba takan yi wuyar ɗorewa, tunda riƙe littafin ma aiki ne da ke bukatar hankalin da ake nema.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne nauyi a wajenmu: mene ne amfanin wannan dogon bayani ga wanda yake Gusau ko Damagaram? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, yawancin lokacinsu kuma yana tafiya ne a kan masu larurori masu tsanani. Magunguna masu zaburarwa samunsu da wuya, ga tsada, ga takunkumi. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai sassan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Atomoxetine ba ya cikin jerin masu takunkumin 1971, ana iya tambayar likita a kansa. Ciwon damuwa da fargaba, waɗanda sukan raka larurar, suna da magani mai sauƙin samu. Abin da bai kamata ba shi ne a cike giɓin da ƙwayar bakin tasha, domin tiramol ba dangin waɗannan magunguna ba ne ko kusa, kuma abin da ake sayarwa a ɓoye da sunan Ritalin ba wanda ya san me ke cikinsa. Ko da ba a samu magani ba, sanin larurar yana canja abin da na kusa ke yi. Maigidan da ya fahimta zai daina aika saƙo huɗu a baki yana saka takalmi, ya tura su a rubuce ta waya. Shugaban ofis zai ba da aiki ɗaya-ɗaya, ya raba wa'adin wata guda zuwa na mako-mako, ya matsar da teburin ma'aikacin daga bakin ƙofa inda kowa ke wucewa.